Kwana Goma a Bayan Ƙofa

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya zaman nesa? Saƙonka ya iso tun ina kwance, na karanta shi da ido ɗaya, na ce bari in sami ƙarfin zama tukuna, don tambayar da ka yi ba ta layi biyu ba ce. Jiki alhamdu lillahi, da sauƙi sosai. Zazzaɓin ya tafi, tarin ne kawai yake leƙowa da daddare, sai kasala wadda likita ta ce kada in yi mata gaggawa. Hancina ma ya fara dawowa bakin aiki. Jiya na ji ƙamshin sabulu, na tsaya ina ta shinshinarsa kamar ƙaramin yaro.

Ka tambaye ni ko mutum zai iya dogara da manyan kantunan nan da ake yi wa oda ta intanet idan ciwo ya tsare shi a ɗaki, tunda kai ma za ka zauna kai kaɗai in iyali sun yi tafiyarsu. To, za su ciyar da kai, ba za ka kwana da yunwa ba. Amma abu ɗayan nan da ka fi buƙata, a daidai lokacin da ka fi buƙatarsa, shi ne ba su yi maka alkawarinsa ba, ko da kuwa ka ga sun rubuto cewa an karɓi odarka. Mai lafiya ba ya lura da haka, don in abu bai zo ba sai ya zura takalmi ya fita. Ni da fita ta haramta gare ni, na lura sarai.

Ranar da gwaji ya nuna korona ce, likita ta ce in killace kaina kwana goma saboda yadda ta ji ƙirjina. Ka san lissafin kwanakin nan ya yi ta sauyawa. A 2020 kwana 14 ake ba wanda ya yi cuɗanya da mai cutar, a Disambar 2021 kuma Amurka ta mayar da killacewar marar lafiya kwana biyar. Ni dai goma aka ce mini, ban yi gardama ba. Na dawo na buɗe firij, na ga abin da ke ciki ba zai wuce kwana biyu ba. Farasitamol kuwa ƙwaya huɗu suka rage.

Kuskurena na farko shi ne ban taɓa buɗe asusu da kowane kanti ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni ranar na fafe nawa. Ga zazzaɓi ya kai digiri 39, ga manhaja tana neman adireshi, tana neman kalmar sirri mai harafi kaza da lamba kaza, ga banki ya aiko lambar tabbatarwa wadda kafin in gama karanta ta lokacinta ya ƙare. Sau uku ina sakewa. Da na gama zuba kaya a kwando na zo zaɓen lokacin kawowa, sai na tarar babu gurbi yau, babu gobe, sai jibi da yamma. Wallahi a nan na fara gane cewa abin da kake saya a wurin mutanen nan gurbi ne a cikin mota, kayan suna biyo baya. Motocinsu ƙidayayyu ne, kowace mota akwai adadin gidajen da za ta iya zagayawa a yini, in sun cika sun cika, ko da kanti maƙil yake da kaya.

Kuma lokacin da ciwo ke yawo a gari shi ne lokacin da kowa ke neman gurbin. Cutar da ta kwantar da ni ita ce ta kwantar da direbobinsu da masu haɗa musu kaya, ka ga masu oda sun ƙaru, masu kawowa sun ragu, a mako guda. Ba yau aka fara ba. A watan Maris na 2020, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana annobar ranar 11 ga watan, kamfanin Ocado na Ingila, wanda ba shi da kantin da ake shiga sayayya, sai dai kai kayan abinci gida, sai da ya rufe shafinsa na 'yan kwanaki saboda cunkoso. Har ta kai gwamnatin can ta miƙa wa manyan kantuna sunayen masu raunin lafiya don a riƙa ware musu gurbi. Nawa cunkoson bai kai wannan ba, amma jiran kwana biyu ga mai ƙwaya huɗu ba ƙaramin abu ba ne.

Odar farko ta zo cikin lokacin da suka ce, ban da abin cewa a nan. Abu 27 na saya, 21 suka zo yadda na nema, huɗu an musanya su, biyu babu su sam. In ka yi lissafi irin na ofis, aiki ya yi kyau. Amma bari ka ji waɗanda suka faɗa cikin shidan.

Farasitamol babu. Sukari kuma an musanya mini shi da garin zaƙin nan marar sukari, irin na masu ciwon sukari da masu rage ƙiba. A lokacin gudawa ta haɗu da zazzaɓin, abin da na so in yi da sukarin shi ne ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri. Ba don daɗi ake sa sukarin ba. Hanji yana jan gishirin ne tare da sukarin, ruwa kuma ya bi su ya shiga jiki. Garin zaƙin nan harshe kawai yake yaudara, hanji bai san da zamansa ba. Ga wanda ya haɗa mini kayan, zaƙi zaƙi ne, ya ma ga ya kyauta mini. Bai san don me nake so ba, kuma babu inda zai sani. Na zauna a ƙasa kusa da ledojin ina kallon kwalin, dariya ta zo, tari ya kore ta.

Na yi ta mamakin yadda abu zai nuna akwai shi lokacin da na biya, sannan a ce babu. Daga baya, da kaina ya ɗan washe, na bi diddigin yadda suke aikin. Ashe lokacin da ka danna oda babu wanda ke zuwa ya ɗauke kayanka ya ajiye gefe. Sunanka kawai ke shiga layi. Sai ranar kawowa, sau da yawa da sassafe, ma'aikaci zai ɗauki keken kaya da 'yar na'ura a hannu ya bi kantoci yana tsinto abin da ka rubuta, shi da masu sayayya na ido da ido a kanta ɗaya. Abin da ka gani a waya ranar Litinin, wani ya riga ya jefa shi a kwandonsa ranar Talata. Adadin da kwamfuta ke nunawa ma ba kullum yake daidai da abin da ke kan kanta ba, don akwai wanda ya fashe, akwai wanda aka sace, akwai wanda aka ajiye ba a wurinsa ba, akwai wanda ke cikin kwali a sito ba a fito da shi ba tukuna. Shi kuma mai tsintar kayan ana ƙirga masa lokaci, abu nawa ya ɗauka a sa'a. In ya zo bai ga abu ba, na'urar ce za ta nuna masa madadi, ya ɗauka ya wuce. Ba shi da lokacin tsayawa ya ce anya mai wannan oda ba marar lafiya ba ne.

Akwai waɗanda ba sa tsinta daga kanti, daga babban sito suke haɗawa, inda babu mai shiga sayayya. Waɗannan lissafinsu ya fi zama daidai, musanya ta fi ƙaranci, sai dai ba su cika kawowa a ranar ba. Akwai kuma irin su Instacart da aka kafa a Amurka a 2012, su ba su fara da kanti nasu ba, mutum suke tura maka ya shiga kantin wani ya yi maka sayayya, yana iya aiko maka hoto ya ce babu wannan, in ɗauko wancan? Wannan ya fi kama da aiken ɗan'uwa, in ka dace da mai hankali kuma kana farke za ka amsa masa. Saboda haka kafin ka dogara da wani, ka gano wanne iri ne shi, don duk a waya kamarsu ɗaya.

Maganar magani kuma, kada ka sa shi a cikin lissafin kayan kanti ko kaɗan. Shi ne ke fara ƙarewa in mura ta shigo gari, sannan akwai iyaka a kansa. A Ingila tun 1998 kantin da ba na magani ba ba ya sayar da kwalin farasitamol da ya wuce ƙwaya 16, yawancinsu kuma ba sa ba mutum fiye da kwali biyu. Wani abin kuma, in sun musanya maka shi da maganin mura na haɗi, ka karanta bayan kwalin, don da yawa daga cikinsu akwai farasitamol a ciki. Babba bai kamata ya wuce giram 4 a sa'a 24 ba, in ka sha wannan ka ɗora wancan sai ka zarce ba ka sani ba, hanta ce ke ɗaukar nauyin.

Wanda ya fitar da ni a wannan daren maƙwabcina ne na ƙasa, mutumin da shekara biyu ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa a matakala. Na daɗe ina juya wayar kafin in tura masa saƙo, kunya ta hana ni. Minti arba'in bayan na tura, na ji an ƙwanƙwasa sau biyu, na ji saukar ƙafa. Na buɗe na tarar da leda rataye a hannun ƙofa, magani da sukari a ciki, da 'yar takarda ya rubuta in ƙara faɗa in akwai wani abu. Har yau bai yarda ya karɓi kuɗinsa ba.

Oda ta biyu ita ce ta fi ba ni haushi, kuma laifin rabi nawa ne. Na zaɓi lokacin rana, na sha magani, barci ya kwashe ni, waya kuma na rufe mata murya tun dare. Direba ya zo, ya kira sau biyu, ya ajiye kayan a bakin babbar ƙofa ta ƙasa, ya ɗauki hoto, ya tafi. A wurinsu an kai kaya, ga hoto shaida. Ni kuwa ina hawa na uku, kuma an ce kada in fito in haɗu da mutane. Tsakanin ƙofar ƙasa da ƙofar ɗakina ba zai wuce tafiyar minti ɗaya ga mai lafiya ba, amma a ranar ya fi mini nisan da ke tsakanina da kai. Na farka bayan sa'a uku, na jira matakala ta yi shiru, na sa takunkumi, na sauka na kwaso su sawu uku, ina hutawa a kowane hawa kamar tsoho.

Akwai madara a ciki, da nama, da kayan daskarewa waɗanda suka saki suka yi laushi. Ƙa'idar da masana abinci ke bayarwa ita ce abin da ke buƙatar firij kada ya wuce sa'a biyu a waje, in zafin wurin ya haura digiri 32 ma sa'a ɗaya ce, don tsakanin digiri 4 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri. Motarsu tana da sanyi, wannan gaskiya ne, amma sanyin a bakin ƙofa yake ƙarewa. Na buɗe madarar na kai hanci don in ji ko ta juya, sai na tuna ba ni da hanci. Babu wari, babu ƙamshi, kamar na shinshina iska. Ko da ina da shi ma, ƙwayoyin da ke sa guba a abinci ba lalle su sauya warinsa ba. Mai gudawa ba ya caca da cikinsa, na tattara su na zubar, raina yana ƙuna.

Sai batun mayar da kuɗi, wanda ba zan daɗe a kansa ba don kada in tayar wa kaina da tari. Ka rubuta ƙorafi, na'ura ta amsa maka da gaisuwa mai daɗi, ta ce ka zaɓi ɗaya daga cikin matsaloli biyar waɗanda babu taka a ciki. Sun mayar mini da na kayan da ba su zo ba ba tare da gardama ba, na ba su wannan. Na waɗanda suka lalace kuwa suka ce hoto ya nuna an kai. Ka kuma sani, lokacin da ka yi oda banki ɗaure kuɗin yake yi, sai an haɗa kayan ake cire na gaskiya, sakin ragowar yana iya ɗaukar kwanaki. In asusunka ba shi da yalwa, sai ka ga kuɗinka ne amma ba ka iya taɓa su ka yi wata odar. Wannan ne ya cinye mini oda ta uku: da asuba suka zo cire kuɗi, kati ya ƙi, aka soke ta, gurbin da na jira kwana biyu ya tafi ga wani. Saƙon sokewar ma sai da hantsi na gan shi.

Kada ka ɗauka zaginsu nake yi. Ruwan sha katan-katan, sabulu, shinkafa, ƙwai, takardar goge hanci, duk sun zo har gida ban taka ko'ina ba, ban kuma shafa wa kowa cutar a layin biyan kuɗi ba. Da a ce babu su, da na ɗora wa maƙwabcin nan nauyin da ba zai iya ba, ko in karya killacewar in fita ina tari a kan mutane. Kuma ka san asalin abin ma don irinmu aka fara shi? A 1984, a garin Gateshead na Ingila, wata tsohuwa 'yar shekara 72 ta yi odar ƙwai da wasu 'yan kaya daga kantin Tesco ta talabijin ɗinta da aka haɗa da layin tarho, a wani shiri da hukumar garin ta yi don tsofaffi da waɗanda ba sa iya fita. Ana lissafa ta cikin sayayyar farko da aka yi daga gida ta wannan hanya. Sama da shekara arba'in ke nan. Sai dai yanzu an gina sana'ar ne a kan mai lafiya wanda ba shi da lokaci, wanda in an musanya masa sukari zai ɗaga kafaɗa ya wuce. Marar lafiya ɗan rakiya ne a cikin lissafin.

Zuwa oda ta huɗu na koyi hankali. Na zaɓi gurbin safe, na farko, don kantoci ba su riga sun sha hannu ba, direba kuma bai tara jinkirin yini ba. Na bi kayan ɗaya bayan ɗaya, duk abin da ba shi da madadi a wurina na danna kada a musanya, gara in san babu shi da wuri in nemi wata hanya. Abin da ya zama dole na saya iri biyu daga kamfani daban-daban, in ɗaya babu ɗaya ya zo. Na rage kayan firij, na ƙara na gwangwani da busassu da madarar kwali mai daɗewa. A wurin da ake rubuta wa direba bayani na faɗi gaskiya ƙarara: ba ni da lafiya, ina killace, hawa na uku, don Allah a ajiye a ƙofar ɗaki, a ƙwanƙwasa da ƙarfi, ba sai an jira na sa hannu ba. Na manna irin wannan takarda a ƙofar ƙasa. Waya kuma na ƙure mata murya na sa ta ƙarƙashin kunne.

Wanda ya zo ranar wani saurayi ne. Ya hau har sama sawu biyu da katan ɗin ruwa a kafaɗa, ya ƙwanƙwasa, ya ja baya zuwa bakin matakala, bai tafi ba sai da ya ga na buɗe. Daga can ya ce mini ƙwai na cikin ledar hagu, in yi hankali da ita, ya yi mini sannu, ya sauka da gudu don ana ƙirga masa lokaci shi ma. Manhaja ɗaya ce, kanti ɗaya ne da na ranar da aka bar mini kaya a ƙasa. Bambancin takardar da na rubuta ce, da kuma wanda Allah ya haɗa ni da shi. Na farkon yana hannuna, na biyun ba ya hannun kowa, shi ya sa ba zan iya ce maka ka kwanta ka miƙe ƙafa a kansu ba.

Kai dai tun kafin iyali su tashi, buɗe asusu da kanti biyu, ka yi 'yar oda a kowanne kana da lafiya, ka ga yadda suke gane gidanka da inda suke ajiye kaya. Magani da ma'aunin zafi da sukari da gishiri su zauna a gida tun yanzu. In ka ji jiki ya fara, kama gurbi a daren, ko da kwandon bai cika ba, yawancinsu suna bari ka gyara oda har zuwa daren da za a kawo gobe. Sannan ka karɓi lambar wani da ke kusa da ƙofarka, kada ka yi irin kunyata. In kuma, Allah ya kiyaye, numfashi ya fara yi maka wuya ko ƙirji ya riƙe, wannan ya wuce maganar oda da killacewa, asibiti za ka nema a take. Na san halinka na cewa bari mu ga gobe.

Na cika ka da surutu, zaman ɗaki ne ya tara mini magana. Jibi zan koma wurin likita ta sake jin ƙirjin, zan sanar da kai abin da ta ce. Ka faɗa mini yaushe iyalin za su tashi da kuma wata nawa za su yi. Ka gaishe mini da su ƙwarai, da yara, ka ce wa babban ina sane da bashin amsar da yake bina. Kwalin garin zaƙin nan yana nan a kan firij ban buɗe ba, na ajiye maka shi, tunda kai ne kullum ke cewa za ka rage sukari.

Wassalam,
Naka amini.